Daga Kano zuwa Limbe: na je ganin wani ɗan tsiro a garinsu

Abin da ya ja ni har bakin tekun Kamaru bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Ƙanina yana da shagon sayar da kifin ado a Kano, irin ƙananan kifayen nan masu launi da ake zubawa a tankin gilashi a ajiye a falo ko a ofis. Bayan ɗaukewar damina ya kawo wa 'ya'yana tanki guda, a ciki da kifi shida da wani ɗan tsiro mai ganye bakwai, kore shar, masu kauri kamar an yanko su daga jemammiyar fata. Ya ce a Legas ya saro shi, can ma daga ƙasar waje aka shigo da shi, kuma kuɗinsa shi kaɗai ya fi na kifayen shida a haɗe. A jikin 'yar robar da ya zo a ciki an liƙa takarda mai ɗauke da sunansa, Anubias barteri var. nana, a ƙasa kuma an rubuta asalinsa: Kamaru.

Muka dasa shi yadda duk ɗan manomi ya san dashe, muka tura gindinsa cikin yashin tankin muka danne, muka ajiye kusa da taga don ya sha rana. Kafin wata guda ganyensa ya fara yin rawaya yana zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka sai ga goron gayyata daga Yawunde, aminin marigayi mahaifina zai aurar da ɗansa a watan Janairu. Zumunta a ƙafa take, dole in je. Da na duba taswira na ga daga Yawunde zuwa Limbe, garin da aka fara samo wannan tsiro, yini ɗaya ne a mota, sai na ƙudura cewa ba zan dawo ba sai na gan shi a inda Allah ya dasa shi.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, hunturu na kaɗawa, hazo ya rufe gari har direba na tafiya da fitila a kunne. Muka haye gadar Wudil, muka wuce Birnin Kudu, Darazo da Dukku, muka yi azahar a Gombe. Tun da tsiron ruwa ne a raina, duk gadar da muka hau sai na leƙa ƙasa. Yawancin rafukan yashi ne zalla, sai 'yan rijiyoyin da mata suka tona a tsakiya, da sawun shanu. A ƙasarmu ruwa baƙo ne, ya zo wata huɗu ya yi sallama. Sai da muka wuce duwatsun Kaltungo muka gangara Numan, inda Gongola ke zuba a Binuwai, sannan na ga ruwa mai sunan ruwa. Da daddare muka shiga Jimeta.

Washegari na nemi 'yan canji. Ina da ragowar sefa da na dawo da ita daga Maraɗi, na miƙa, sai ɗan canjin ya girgiza kai. Ya ce, “Alhaji, wannan ta Nijar ce. Darajarsu ɗaya da ta Kamaru, amma takardun daban ne, mai shayi a Garwa ba zai karɓa ba.” Ya canza mini ita, ya kuma koya mini kalmar da zan yi ta ji a gaba: abin da mutanen Nijar ke ce wa jaka, wato sefa 1,000, Fulanin Kamaru booro suke ce masa, kuma ma'anar ɗaya ce. A kan iyaka aka duba fasfo da katin rigakafin shawara, aka buga hatimi, muka bi ta Gashiga zuwa Garwa.

Garwa ba ta ba ni baƙunta ba. Ga darbejiya jere a bakin titi, ga manyan riguna da zanna-bukar, ga kiran salla ta kowace kusurwa. Garin Ahmadu Ahijo ne, shugaban Kamaru na farko, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1982. Fulatanci ne harshen gari, Faransanci na ofis, amma a kasuwa Hausa ta ishe ni ciniki. Na sauka a gidan wani dattijo mai sayar da yadi, wanda kakansa ya zo daga Kano fataucin goro bai koma ba. Ya sa aka share mini ɗakin zaure, aka kawo ruwan alwala, aka biyo da zoɓo mai sanyi, wanda su suke kira folere. Da yamma ɗansa ya kai ni bakin Binuwai muka ci gasasshen giwan ruwa, faranti sefa 2,000, da barkono da albasa. Na sa hannu a aljihu, yaron ya riƙe mini hannu ya ce, “Baba ya ce idan na bari ka biya, kada in koma gida.”

Daga Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 ne. Hanyar ta bi ta gefen gandun dajin Binuwai, inda muka ga gwaggon biri zaune a bakin kwalta suna kallon motoci. Can gaba sai hanya ta fara hawan wani gangare mai kwana-kwana, manyan motoci na nishi, kunnuwana suka toshe. Da muka kai sama iska ta sauya, ta yi sanyi mai laushi irin na Jos. Wannan shi ne tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga doron teku, ƙasar shanu da zuma. An gaya mini sunan garin daga harshen Mbum yake, ma'anarsa dutsen cibiya, kuma da na ɗaga kai na ga dutsen da wani ƙaton curi a bisansa, ban nemi ƙarin bayani ba. Na leƙa ƙofar fadar Lamiɗo mai rufin ciyawa, na sha kindirmo mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a cikinsa, na nufi tashar jirgin ƙasa.

Layin dogon nan ya iso Ngaundere a 1974, kuma daga nan zuwa Yawunde ya haura kilomita 600. Jirgin da daddare yake tafiya. Na yanki tikitin ɗaki mai gado huɗu a kan sefa 25,000. Abokan ɗakina su ne wani dillalin shanu, da ɗalibin jami'a, da wani malamin coci mai komawa kudu. Kafin jirgi ya yi nisa kowa ya kwance ƙullinsa: kilishi daga dillali, dogon burodi daga ɗalibi, soyayyar gyaɗa daga malamin coci, ni kuma na fito da dabino da alkaki. Harshe huɗu muka haɗa kafin hira ta yiwu, amma ta yiwu. Duk tashar da muka tsaya cikin dare, mata da yara na bin tagogi da fitilu, suna tallar zuma a cikin kwalabe. Na sayi lita guda sefa 1,500, baƙa wuluk, mai ƙamshin hayaƙi.

Na kwanta a ƙasar ciyawa na farka a kurmi. Da gari ya waye na ɗaga labule, sai ga itatuwa sun yi wa jirgi rumfa, ayaba da kwakwar manja ta ko'ina, raɓa na ɗiga daga ganye. Kogin Sanaga na leƙowa ta tsakanin itatuwa yana ɓuya. Tallar ma ta sauya: zuma ta ƙare, sai abarba da wani dogon tuwon rogo da ake naɗewa a ganye a ɗaure da zare, suna kiransa bobolo. Yana da ɗan tsami da danƙo, kuma da kilishin dillalin shanu ya yi mini karin kumallo mai riƙe ciki.

Yawunde gari ne na tuddai da jar ƙasa. Shiga tasi a can sai an koya: za ka tsaya a bakin titi, mota ta rage gudu, ka faɗi inda za ka da abin da za ka biya, idan direba ya yarda ya danna ham, idan bai yarda ba ya wuce ba tare da ya ce uffan ba. Sefa 350 ta kai ni Birketeri, unguwar Hausawa. Ina sauka ƙamshin tsire ya tare ni. Su soya suke ce masa, sunan da duk Kamaru ta ɗauka daga bakin mahautanmu. Teloli na ta aiki a kan shadda, almajirai na karatu a soro, Hausar kuwa garau, sai dai lissafin kuɗi da sunayen ranaku kan zo da Faransanci. Da safe maimakon ƙosai da koko, fanke ake haɗawa da dafaffen wake da koko, sefa 500 ka ƙoshi har azahar.

An ɗaura aure lafiya ranar Asabar. Da na gaya wa aminin mahaifina inda na nufa da dalilin zuwa, ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, “Ɗana, mahaifinka ma haka yake, idan abu ya shiga ransa sai ya ga ƙarshensa. Amma ka ji: kada ka yi tafiya ranar Litinin.” Ya bayyana mini cewa tun ƙarshen 2016 yankuna biyu na Kamaru masu magana da Ingilishi, waɗanda Limbe ke cikin ɗayansu, ke cikin rikici, kuma a wurare da yawa ranar Litinin zaman gida ake yi. Limbe da sauƙi, in ji shi, amma hanya sai da lura. Ya ɗauki waya ya kira wani ɗan'uwansa mahauci a can, ya ce masa, “Ga amana nan tafe.”

Ranar Laraba na hau bas zuwa Duwala, tafiyar kusan kilomita 240. Abin da ya fi yawa a hanyar shi ne tirelolin katako, kowace ɗauke da gungume biyu ko uku, kowane gungume ya fi tsayin mutum kauri. A Edeya muka haye Sanaga, ga tsohuwar gadar ƙarfe ta zamanin Jamusawa a gefe. Duwala kuwa zafinta ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Nasu jiƙaƙƙe ne, yana bin ka har cikin ɗaki. 'Yan acaɓa, waɗanda suke kira bensikin, sun cika gari kamar tururuwa. A bakin kogin Wuri ne Turawan Fotugal suka iso wajen 1472, suka tarar da jatan lande jingim, suka sa wa kogin sunansa da harshensu, daga nan sunan Kamaru ya samo asali. Na ci miyar ndole, wadda shuwaka ce aka wanke ɗacinta aka dafa da niƙaƙƙiyar gyaɗa da jatan landen. Mu da muke ɗaukar shuwaka abincin mai jego da marar lafiya, ya kamata mu zo mu ga yadda ake yi mata gata.

Daga Duwala zuwa Limbe kusan kilomita 70 ne. Muna haye gadar kogin Mungo allunan bakin hanya suka koma Ingilishi, fasinjoji suka juye zuwa burokan irin na Fatakwal. Ba abin mamaki ba ne, domin har zuwa 1961 Turawan Ingila ne ke mulkin wannan ɓangare, kamar yadda suka mulki Najeriya. A ƙuri'ar raba-gardamar watan Fabrairun shekarar ne kudancinsa ya zaɓi Kamaru, arewacinsa ya zaɓi Najeriya ya zama lardin Sardauna, inda su Mubi da Ganye suke. Muka ratsa gandayen roba da na ayaba a Tiko, muka bi ta Mutengene, sai hanya ta gangara. Ta dama ga Dutsen Kamaru, mai aman wuta, wanda ya haura mita 4,000, kansa a cikin gajimare. Ta gaba ga teku.

Mai masaukina ya zo tasha da kansa, da wuƙarsa a kugu, ya karɓi jakata. Gidansa ɗaki uku ne na katako da kwano, ya kwashe 'ya'yansa maza daga ɗaya ya ba ni. Na ce zan kama ɗaki a otal, tun da na ga ana samu daga sefa 10,000, ya ce, “Malam, kana so a ji a Birketeri cewa baƙon Alhaji ya kwana a otal?” Ban sake tayar da maganar ba. Da yamma ya zagaya da ni gari. Wani mai wa'azin Kirista ɗan Ingila, Alfred Saker, shi ya kafa garin a 1858 ya sa masa suna Victoria, sai a 1982 aka mayar da shi Limbe. Yashin bakin tekun baƙi ne kamar gawayi, domin daga narkakken dutse ya samo asali. A Down Beach mata na gasa kifin da aka fito da shi yanzu-yanzu, ka nuna wanda kake so a yi ciniki. Na sefa 3,000 ya ishe mu mu biyu, da gasasshiyar agada. Masunta da yawa 'yan Najeriya ne daga Akwa Ibom da Kuros Riba. Da dare uwargidansa ta kawo ekwang, wanda ta koya a wurin maƙwabtanta: gwaza ake gurzawa, a naɗe ta lomi-lomi a cikin ɗanyen ganyenta, a dafa da manja da busasshen kifi. Ban san cewa bayan kwana biyu gwazar nan za ta sake dawo mini ba.

Da safe na tafi lambun tsirrai na Limbe, wanda Jamusawa suka kafa a 1892 ƙarƙashin Paul Preuss, don gwada noman koko, roba, kofi da sauran abin da za su kai Turai. Kogin Limbe ya ratsa ta cikinsa zuwa teku. Na nuna wa wani dattijon ma'aikaci takardar da na ciro daga jikin robar. Ya karanta, ya dube ni, ya tambaya daga ina nake. Da na ce Kano, ya kira abokin aikinsa ya ce ya zo ya ga mutumin da ya keto ƙasa biyu saboda ciyawar rafi. Sannan ya ce idan ina son in gan ta yadda take zaune da kanta, in dawo gobe da takalmin roba.

Washegari muka ɗauki mota ta hanyar yamma mai bin gaɓar teku zuwa Idenau. Kusa da Bakingili ya nuna mini wani baƙin tudu mai tsayin gidan sama a bakin hanya: narkakken dutsen da ya gangaro a 1999 ne, ya zo ya datse kwalta ya tsaya, har sai da aka karkatar da hanyar. Yanzu ciyayi sun fara tsirowa a kansa. Ya ce gaba kaɗan akwai Debunsha, inda ruwan sama kan kai milimita 10,000 a shekara. Na yi lissafi a zuci: abin da Kano ke samu a shekara goma ke nan, ko fiye. Muka sauka, muka bi wata 'yar hanya ta cikin gonar manja, muka shiga kurmi. Haske ya ragu kamar an shiga soro. Kafin in ga ruwan na ji ƙararsa.

Ƙorama ce da ba ta fi taku biyar faɗi ba, ruwanta garai-garai, mai sanyi har cikin ƙashi, yana gudu a kan baƙaƙen duwatsu. Dattijon ya tsuguna ya ce, “Malam, ga mutuminka.” Na duba, sai ga shi ko'ina: a kan duwatsun tsakiyar ruwa, a jikin wani ruɓaɓɓen gungume, a gefen gaɓa inda feshin ruwa ke kaiwa. Wasu rabinsu a ruwa, wasu gaba ɗaya a nutse, ganyen na rawa da igiyar ruwa. Kowane ganye bai fi babban yatsa tsawo ba, mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Na cire takalmi na shiga, na durƙusa.

Abin da na fara lura da shi shi ne babu ko ɗaya da ke cikin ƙasa. Kowanne yana da wani kara mai kauri kamar fensir, irin na citta, a kwance a kan dutse, a fili, ruwa na wanke shi. Ganye na fitowa ta samansa, saiwoyi na fita ta ƙasansa suna bin jikin dutsen, suna shiga kowace 'yar tsaga. Na sa yatsa na ɗan ɗaga wani, sai dutsen da ya kai girman kwakwa ya motsa tare da shi. Na ba dattijon labarin namu na gida, yadda muka binne shi a yashi muka kai shi taga. Ya kama kwantaccen karan nan da yatsu biyu ya ce, “Nan ne ransa. Idan ka binne shi, iska ba ta kai masa, sai ya ruɓe. Rana kuma ba abokiyarsa ba ce, ɗaga kanka ka gani.” Na ɗaga kai. Sararin sama bai fi tafin hannu ba a tsakanin rassa.

Ya nuna mini busassun ganyaye da tarkace da suka maƙale a rassan bakin ƙoramar, sama da kaina. Nan ruwa ke kaiwa da damina. Wata da watanni tsiron na can ƙasa cikin duhu da ƙarfin ambaliya, ba ya sakin dutsensa, ba ya mutuwa. Da rani ruwa ya janye ya fito ya sha iska. Wannan hali ne ya sa ya karɓu a tankunan duniya: yana jure ƙarancin haske, yana rayuwa a nutse shekara da shekaru, ganyensa kuma ya yi wa yawancin kifaye tauri, ba sa iya cinsa. Sai dai ba ya gaggawa. Ganye ɗaya yakan ɗauki makonni kafin wani ya biyo shi. Wani dutse da muka tarar ya rufe shi ruf, faɗin tabarmar salla, dattijon ya ce wannan aikin shekaru ne masu yawa.

A nan ne na ga furen. Wani siririn tsinke ya taso daga cikin ganye, a kansa ɗan farin mayafi ya buɗe, a tsakiyarsa wani abu a tsaye kamar zangarniyar gero da aka ƙanƙanta ta koma tsawon gaɓar yatsa. Dattijon ya tambaye ni ko na taɓa ganin furen gwaza. Na ce na gani. Ya ce to dangi ɗaya ne, abin da na ci shekaranjiya da dare yayan wannan ne. Ya ƙara da cewa akwai wani ɗan'uwansu mai yawo a saman ruwa ba saiwa a ƙasa, ya kwatanta shi da hannu, ganye a tattare kamar latas. Na ce, kainuwa! Ya sa na maimaita sunan sau biyu. Na fassara masa kirarinta, kainuwa dashen Allah, ya ce wannan kirari ya dace da dukan dangin.

Na roƙe shi in yanki ɗan guntu in kai gida. Ya ce a'a, cikin ladabi. Tsallaka iyaka da ɗanyen tsiro sai da takardar hukuma, kuma babu ma bukata, domin yawancin waɗanda ake sayarwa a duniya yau a gidajen rainon tsirrai ake hayayyafa su, wasu daga ɗan ƙwayar tsoka a cikin kwalba, a ƙasashe irin su Denmak, Jamus da Singafo. Kamfanin Tropica na Denmak, wanda aka kafa a 1970, yana cikin waɗanda suka yaɗa shi, sannan gwanin tsara lambun cikin ruwa ɗan Japan, Takashi Amano, wanda ya rasu a 2015, ya sa duniya ta ɗauki irin wannan ado da daraja. A shagunan Turai 'yar roba guda takan kai Yuro 5 zuwa 10, wato kusan kuɗin kifin da ya ciyar da mu mu biyu, ko ninkinsa. A ƙasan inda muke tsaye kuwa wasu mata na wanki, suna taka shi ba su ko duba ba. Abin da ke damun dattijon ba matan ba ne. Ya ce duk ƙoramar da aka sare itatuwan bakinta aka yi gona, rana ta sauka a kan duwatsun, laka ta rufe su, tsiron yakan ɓace. Na ba shi sefa 10,000 na wahalarsa, ya karɓi rabi ya mayar mini da rabi.

Da yammar ranar hazo ya yaye, muka zauna a bakin teku da mai masaukina, sai ga wani dutse ya bayyana can cikin ruwa kamar inuwa. Tsibirin Bioko ke nan, wanda a da ake kira Fernando Po. A can ne wani ma'aikacin lambu ɗan Ingila, Charles Barter, ya tsinko tsiron da ke ɗauke da sunansa. Yana cikin ayarin Dakta William Baikie da ya shigo kogin Kwara a 1857, jirginsu ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba. Barter bai koma gida ba, ya rasu a Raba, ƙasar Nufe, a 1859. Shekara guda bayan haka masanin tsirrai na Ostiriya, Heinrich Schott, ya sa wa tsiron barteri don tunawa da shi; shi ne kuma ya aro sunan Anubias daga Anubis, wani abin bautar tsoffin Misirawa. Wannan ƙaramin nau'in na Limbe kuwa, Bajamushe Adolf Engler ne ya bayyana shi a 1899. Baikie da kansa ya taka har Kano a 1862. Ashe 'yar takardar da nake yawo da ita a aljihu ta ratsa ƙasarmu tun kafin a haifi kakana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a duk sunayen da ke kanta babu na mutanen da ke shan ruwan ƙoramar, kuma a duk kuɗin da ake juyawa a kansa babu abin da ke komawa ga inuwar da ta raine shi.

Ranar da zan tafi uwargidan mai masaukina ta cika mini leda da busasshen jatan lande da barkonon kurmi, shi kuma ya raka ni har cikin mota, ya biya kuɗin kujera kafin in ankara. Na biyo sawuna: Duwala, Yawunde, jirgin dare, Ngaundere, Garwa, Yola. Kwana 16 cif na yi kafin in sake shaƙar ƙurar Kano.

Ganye uku na tarar sun rage a jikin tsiron namu. Ko riga ban cire ba na sa hannu a tankin na zaro shi. Rabin karan ya yi laushi yana wari, na yanke shi da reza har na kai wuri mai tauri. Na aiki babban ɗana ya samo dutse, muka wanke, muka ɗora karan a kai muka ɗaure da baƙin zaren ɗinki, muka janye tankin daga taga zuwa kusurwar falo. Mako biyar babu abin da ya motsa. Ranar wata Juma'a ina shirin masallaci ƙaramar 'yata ta ƙwala kira, “Baba, zo ka gani!” Wani sabon ganye ne ya leƙo, a naɗe kamar tsinken sakace, launinsa fari-fari kore.

Da damina ta zauna na kwashi yaran zuwa wata fadama a hanyar Wudil, tun da kududdufan cikin birni da muka yi wasa a bakinsu muna yara yawancinsu an cike su an yi gini. Bado ya rufe rabin ruwan, irin wanda shi ma ake sayar da shi a shagunan kifin ado na Turai, kainuwa ta rufe sauran. Na naɗe wando na shiga na ɗebo guda, muka tsuguna a bakin ruwa muna buɗa ganyenta masu gashi-gashi ɗaya bayan ɗaya. Can a tsakiya, inda shekara arba'in ina wucewa ban taɓa leƙawa ba, sai ga ɗan farin mayafi da bai kai ƙwayar wake ba, da 'yar zangarniyarsa a ciki. Yarinyar ta tambaye ni ko za mu tafi da ita gida. Na ce ta mayar da ita ruwa, mako mai zuwa ma dawo mu duba ta.